HANNU ƊAYA BA YA ƊAUKAR JINKA: RABON GIDA CIKIN KARATUN YARO

Jawabi ga iyayen yara, domin a karanta a tattauna a cibiyoyin yaƙi da jahilci

 

Maganar yau a kan yaran da ke lakwal ce. Kowace shekara, in watan Oktoba ya kama, ana rubuta sababbin yara a aji na ɗaya. Suna shiga da murna, da allo da alli a hannu. Bayan shekara 6, in aka ƙirga waɗanda suka kai aji na shida, sai a tarar da yawa sun zube a hanya. Wani yana kiwo, wata tana talla, wata an yi mata aure, wani ya bi mota ya tafi ci-rani. Cikin waɗanda suka rage ma, akwai masu ɗumama benci kawai. Jikinsu na aji, hankalinsu na wani wuri.

In an tambayi uba, ya ce laifin malami ne. In an tambayi malami, ya ce laifin iyaye ne. Yaro na tsakiya, shi ke ɗaukar asarar. Gaskiya ne lakwal na da nata matsaloli: aji ya cika, littattafai sun yi kaɗan, wani lokaci malami ba ya nan. Wannan maganar wata rana ce. Yau a dubi rabon gida, domin shi ne ke hannun kowane uba da kowace uwa.

AWA NAWA YARO KE YI A GABAN MALAMI?

A yi lissafi. Mako ɗaya awa 168 ne. Yaron firamare yana yin kimanin awa 30 a aji. Saura awa 138. In an cire barcinsa, a ce awa 9 kowane dare, wato awa 63, saura awa 75. Waɗannan awa 75 yaro yana farke, kuma yana hannun gida. Sun ninka na lakwal sau biyu har da ɗori. Ga kuma babban hutu na damina, wata 3 cur.

Ke nan abin da malami ya shuka da safe, gida ne ke yi masa ban-ruwa da yamma. In gida bai yi ba, shukar ta bushe.

YARA BIYU, AJI ƊAYA

A ɗauki misalin gidaje biyu a ƙauye ɗaya. Dukansu na talakawa ne. Iyayen duka ba su taɓa shiga lakwal ba. Kowane gida na da yaro a aji na uku, malaminsu ɗaya.

A gida na farko, uwa takan tashe yaro da asuba. Ya yi salla, ya wanke ido, ya sha koko ko ya ci ɗumame, ya ɗauki jaka. In ya dawo, uba yakan ce: «Me aka koya muku yau? Kawo kaye in gani.» Uban bai iya karanta abin da ke ciki ba. Amma yana ganin inda malami ya sa jan biki, yana ganin ko kayen da tsabta ko ya yage. Yaro ya san kullum za a tambaye shi, don haka yakan saurara a aji, don ya samu abin faɗi.

A gida na biyu, babu mai tayar da yaro. Ran da ya ga dama ya tafi, ran da bai ga dama ba ya tsaya. Ran kasuwa a ba shi jaki ya kai kaya. Ba a taɓa buɗe jakarsa ba. Ran da ya zo da sakamako mai kyau, babu wanda ya ce madalla. Ran da ya zo da marar kyau, babu wanda ya ce kash. Sannu a hankali yaro ya gane cewa a gidansu karatu ba shi da daraja. Yaro kuwa abin da ya ga manya sun riƙa, shi yake riƙewa. Abin da suka yar, shi ma ya yar.

Gidajen nan biyu gona ɗaya suke nomawa, fari ɗaya ke cin su. Abin da ya raba yaransu shi ne kulawa.

ABIN DA BINCIKE YA NUNA

Akwai wani bincike da ake kira PASEC. Ana yin shi a ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, don a auna abin da yara suka iya. An yi shi a ƙasashe 10 a shekarar 2014, aka sake yi a ƙasashe 14 a shekarar 2019. Nijar na ciki duka sau biyun. A 2014, cikin yara 10 da ke ajin ƙarshe na firamare a Nijar, ko 1 cikakke bai kai matakin karatun da ake bukata ba. A 2019 an samu ci gaba, sun kai kimanin 3 cikin 10. Har a lokacin, 7 cikin 10 suna gama shekara 6 ba su iya karanta takarda su fahimce ta sosai ba.

Binciken ya kuma dubi gidajen yara. Yaran da ke da littafi a gida, da waɗanda uwa ko uba ya iya karatu, sukan fi sauran samun maki.

Wani zai ji haka ya karaya, ya ce: «To, ai ɗan talaka ba shi da rabo ke nan. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, mai rarrafe kuma ba ya haifar mai gudu.» A tsaya a duba da kyau. Mene ne ɗan ma'aikaci ko ɗan attajiri ke samu a gida? Yana samun lokaci, ba a tare shi da aiki. Yana cin abinci kafin ya fita. Yana da fitila da dare. Akwai mai tambayarsa. Ubansa ya san malaminsa. In an bi abubuwan nan ɗaya bayan ɗaya, za a ga mafi yawansu ba da kuɗi ake sayen su ba. Manomi ma yana iya ba ɗansa su.

NA FARKO: LOKACI

Babu mai cewa yaro kada ya yi aiki. Aikin gida tarbiyya ne. Ɗan manomi ya kamata ya san hauya, ɗan makiyayi ya san sanda. Abin da ake so shi ne aikin kada ya ci lokacin aji.

A sake yin lissafi. Ana shiga aji kwana 5 a mako. Yaron da ake tsarewa ran kasuwa kawai, ya rasa kwana 1 cikin 5. A shekara 6, asararsa ta fi shekara ɗaya cikakkiya. Kuma karatu kamar igiya yake, darasin yau yana ɗaure da na jiya. Wanda bai zo ran Talata ba, ba zai gane na Laraba ba. In bai gane ba sai ya ji kunya, ya koma bayan aji, ya yi shiru. Daga shiru sai gudu.

Haka nan lokacin kaka. Ana buɗe lakwal a Oktoba, daidai lokacin da ake yankan hatsi, ana roron wake, ana cirar gujiya. Gidaje da yawa sukan ce: «Bari a gama ɗaurin damma tukuna.» Yaro ya zo a Nuwamba ko Disamba, ya tarar ƴan ajinsu sun yi nisa. Ga ɗan aji na ɗaya wannan babbar asara ce, domin a makonnin farko ake koyon baƙaƙe da riƙon alli. Da sanyin safiya ake kama fara. Yaro na iya taimako a gona da yamma, da ran Asabar da Lahadi.

Sai maganar ci-rani. In shekara ta yi muni, rumbu ya yi sauƙi, dole magidanci ya fita nema, Kano ko Legas, Abijan ko Libiya. Babu mai zargin sa. Amma kafin ya tafi, ya damƙa karatun yara a hannun wani: kaka, ko baffa, ko kawu. Ya gaya wa malami sunan wanda ya bari. In ya bugo salula yana tambayar lafiyar gida da ta dabbobi, ya ce a ba shi yaro, ya tambaye shi labarin aji. Minti biyu sun isa yaro ya san ubansa na biye da shi.

Abin da ya fi muni shi ne a tafi da yaran kansu bara a wata ƙasa. A watan Oktoba na 2013, an tsinci gawar mutum 92 cikin hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta kashe su. Cikinsu 52 yara ne. A watan da ƴan uwansu ke shiga aji suka rasu a kan rairayi. Allah ya jiƙansu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

NA BIYU: CIKI DA LAFIYA

Yaron da ya fita da yunwa, kafin hantsi ya fara hamma. Malami na magana, shi yana tunanin tukunya. Wasu makarantu na da kantin da ake dafa wa yara abinci, amma da yawa ba su da shi. Ko ragowar tuwon dare, ko ludayin fura, ko ƴar gujiya a aljihu, sun fi babu.

A kula da lafiyarsa kuma. Zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa a ƙarshen damina, daidai buɗe lakwal. Yaro ya kwana cikin gidan sauro. In jikinsa ya yi zafi a kai shi likita da wuri. Wani yaron kuma ana ce masa daƙiƙi, alhali idonsa ne ba ya ganin allo, ko kunnensa ne ba ya ji sosai. Uwa ce ta fi kowa sanin wannan. Ta gaya wa malami, ya zaunar da shi a gaba.

NA UKU: TABARMA DA FITILA

Ba a bukatar tebur. Tabarma ɗaya da fitila ɗaya sun isa. Bayan sallar magariba ko ta lisha, a ware wa yaro ko da rabin awa. A lokacin nan kada a aike shi, kada a kunna rediyo a kansa. Fitila mai cin hasken rana yanzu tana samuwa a kasuwannin ƙauye. In gida ɗaya bai iya saye ba, gidaje uku su haɗa, yaransu su zauna tare, babba ya taimaki ƙarami.

A samo masa leda ko ƴar jaka, don ruwa da gara da awaki kada su ci kaye. Kada a yagi takardar kayensa a ƙunsa taba ko ƙosai. Abin ƙarami ne, amma yaro na kallo.

A nan masu zuwa cibiyar yaƙi da jahilci suna da babban rabo. Tun shekarar 1963 aka kafa aikin karatun manya a Nijar. Uban da ya dawo daga cibiya ya shimfiɗa tabarma ya buɗe littafinsa, ɗansa na gefe da nasa, ya yi wa yaron nan wa'azin da ya fi na baki. Baƙaƙen boko kusan ɗaya ne a Hausa da Faransanci. Lambobi kuwa ɗaya ne sak. Uwar da ta koyi tarawa da ɗebewa a cibiya tana iya duba lissafin ɗan aji na biyu. Wannan jarida ma, a ba yaro ya karanta wa kakarsa da babbar murya.

Kada a raina harshen gida. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara ke fara karatu da Hausa kafin su shiga Faransanci. Yaron da ake yi wa tatsuniya da kacici-kacici, ana hira da shi, ana barin shi ya yi tambaya, yakan zo aji da baki buɗe da kai buɗe. Wannan kaka ma ta iya.

NA HUƊU: SANIN MALAMI

Akwai uban da ɗansa ya shekara 5 a lakwal, bai san sunan malaminsa ba. Ba ya taka ƙofar aji sai ran da aka bugi yaro, ya zo da faɗa. Mutum ba ya ba makiyayi saniya ya shekara bai je ya gan ta ba. To, ɗa ya fi saniya.

Ko sau ɗaya a wata, uba ko uwa ya biya ta lakwal. A gaisa da malami, a yi tambaya uku: Yana zuwa kullum? Yana ganewa? Me ya rasa? In an ba da takardar sakamako, a nemi mai karatu ya bayyana ta. In ta yi kyau, a yaba wa yaro a gaban mutane. In ba ta yi kyau ba, a bincika dalili kafin a ɗauki bulala. Duka na sa yaro ya ɓoye kaye, ba ya sa shi ya iya.

Kuma kada a zagi malami a gaban yaro. In akwai ƙorafi, a kai wa darekta ko kwamiti.

A tuna da takardar haihuwa. Yara da yawa sun yi ƙoƙari, ran rubuta sunan masu jarrabawa aka ce babu takarda. A sanar da haihuwa a gidan likita, ko wurin mai gari, ko a ma'aikatar magajin gari, tun kafin mai jego ta yi arba'in. Wanda ya makara, sai ya bi ta wurin alƙali, da wahala da ɓata lokaci.

ƊIYA MACE

Duk abin da aka faɗa, nauyinsa ya ninka a kan ɗiya mace. Ita ke ɗebo ruwa kafin ta tafi. Ita ke daka in ta dawo. Ita ke goyon ƙane, ita ke ɗaukar faranti ta tafi talla. Ɗan uwanta na wasan ƙwallo, ita tana bakin murhu. In ta yi barci a aji, a ce mata ba ta da kai.

A raba aiki tsakanin yara maza da mata. Namiji ma na iya kora jaki zuwa rijiya. Uwa kuma ta auna: ribar talla ta yau, da ɗiyar da gobe za ta iya karanta takardar magani, ta rubuta bashi, ta zama malama ko ungozoma a likitan garinsu, wanne ya fi? Mata da yawa ba su son namiji ya duba su in sun zo haihuwa. Ungozoma mace kuwa daga cikin ƴan matan da aka bari suka yi karatu take fitowa.

Binciken lafiya da gwamnati ta yi a 2012 ya nuna cewa cikin mata 100 masu shekara 20 zuwa 24, an aurar da 76 kafin su cika shekara 18. A ran 5 ga Disamba 2017 gwamnati ta sa hannu a kan doka ta kare ɗiyar da ke karatu, da tallafa mata. Doka na da amfani. Amma a zauren gida ake karɓar goron aure, a nan ne maganar ke yankewa.

Wani yakan ce karatun mace baƙon abu ne, na Nasara. A tuna da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. An haife shi a 1754 a Maratta, kusa da Galmi, cikin jihar Tawa ta yau. Wurin mahaifinsa ya fara karatun Alƙur'ani. Shi kuma ya karantar da ƴaƴansa maza da mata. Ɗiyarsa Nana Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta kafa ƴan taru, tana aika jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Gidan da ya riƙi ilimi haka yake. Makarantar allo da lakwal kuma ba kishiyoyi ba ne. Yaro na iya zuwa wurin malam da asuba ko da dare, ya je aji da rana.

IN YARO YA WUCE KOLEJ

Nan ne ƴaƴan ƙauye suka fi zubewa. Sau da yawa kolej na wani gari. Yaro ɗan shekara 12 ko 13 ya bar gida, ya sauka wurin wani. In mai masaukin ya mai da shi bara, ko abinci bai ishe shi ba, kafin hutun farko ya gudo. Ga ɗiya mace, ban da yunwa akwai masu yaudara.

Uba ya je da ƙafarsa ya zaɓi mai masauki, ya ga inda yaron zai kwana. Ya riƙa aika tiyar hatsi da ɗan kuɗin sabulu, kada ya bar wa mai gida nauyi duka. Ran kasuwar garin ya leƙa. Iyayen ƙauye ɗaya suna iya haɗa kai su kama ɗaki, su sa wata dattijuwa ta zauna da ƴan matansu. Shekara 4 ce daga shiga kolej zuwa jarrabawar BEPC. Mai haƙuri shi ke dafa dutse ya sha romonsa.

AIKIN GAYYA

Akwai gidan da ko yana so bai iya ba: gidan marayu, gidan gwauruwa, gidan da mai gida ya kwanta ciwo. Nan ne gari ke shigowa. A makarantu akwai ƙungiyar iyayen yara, da ƙungiyar iyaye mata, da kwamitin kula da lakwal wanda da ake kira COGES, yanzu CGDES. Ran taro a je, a zaɓi mutane masu amana, a nemi a karanta lissafin kuɗi a gaban kowa.

Inda ajin rumfa ne, iyaye ke kawo kara da zana da itace. A yi gayyar da wuri, kada yara su zauna jiran rumfa har sanyi ya shigo. A kuma yi hattara da wuta. A 2021 ajujuwan zana sun kama wuta a Yamai cikin watan Afrilu, da Maraɗi cikin watan Nuwamba. Kowane karo yara 20 ko fiye suka rasu. A bar tazara tsakanin rumfuna, a yi ƙofa mai faɗi, a nisanta masu tuya da masu shan taba.

Iyaye mata kuma suna iya raba unguwanni. In yarinya ta kwana biyu ba ta zo ba, ɗaya ta shiga gidansu, ta gaida uwarta, ta ji dalili. Sau da yawa dalilin bai wuce takalmi ko kaye ɗaya ba.

TAMBAYOYIN TATTAUNAWA

Bayan an gama karatu, mai koyarwa ya buɗe mahawara a kan waɗannan:

1. Yara nawa aka rubuta a aji na ɗaya a garin nan shekara 6 da suka wuce? Nawa suka kai aji na shida? Mata nawa ne cikinsu?
2. Wace rana ce yara suka fi fashin aji? Me ke tare su?
3. Wa ya san sunan malamin ɗansa? Yaushe rabonsa da zuwa lakwal?
4. Wane gida ne a unguwa ke bukatar a taimaka masa don ɗansa ya tsaya a aji?

Kowa ya zaɓi abu ɗaya da zai fara cikin makon nan, ya rubuta shi a littafinsa da hannunsa. Ran zama na gaba, a karanta a ji wanda ya cika.

Allah ya raya zuri'a, ya yi musu albarka. Allah ya ba da damina mai kyau, ya zaunar da ƙasa lafiya. Wassalamu alaikum.